Waiwaye: yadda gajeren labari ke komawa fim

Masu shirya fim sun daɗe suna ɗibar gajerun labarai tun zamanin fim marar magana, kuma dalilin a fili yake, littafi mai kauri sai ka yi ta yanka kana zubarwa kafin ya shiga awa biyu, shi kuwa gajeren labari bai ma kai ba, dole a yi masa ciko. To cikon nan fa a kansa ake ta musu har yau.

Dubi The Killers na 1946. Asalinsa labarin Ernest Hemingway ne na 1927, 'yan bindiga biyu sun shigo gidan abinci suna jiran wani tsohon ɗan dambe su kashe shi, aka je aka gaya masa, ya ƙi gudu, yana kwance a gado ya juya fuska bango, shi kenan, ba a faɗi takamaiman laifinsa ba. A fim duk wannan ya ƙare a mintocin farko, sauran ƙirƙirowa aka yi, aka kawo mai binciken inshora da wata mace da fashi, wato an amsa tambayar da marubucin ya bari da gangan. Fim ɗin ya yi kyau kam, amma a ganina ramin da ke sa labarin ya tsaya ma mutum a rai shi suka cike.

Akira Kurosawa na Japan wata dabara ya yi a Rashomon na 1950, ya haɗa labarai biyu na marubucin Japan Akutagawa, ɗaya ya ba shi tsohuwar ƙofar gari ɗaya ya ba shi kisan da kowa ke ba da labarinsa daban, kuma da zai ƙara sai ya sa mai saran itace ya kawo nasa bayanin, ruɗanin ya ƙaru ba raguwa ba. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Venice a 1951.

Mai shirya fim Alfred Hitchcock kuwa ba ruwansa, a The Birds na 1963 tsuntsayen kawai ya ɗauka daga labarin Daphne du Maurier, ya bar ma'aikacin gonar da labarin ke magana a kansa a Ingila ya kai harin Kalifoniya da sababbin mutane gaba ɗaya.

Shi Ousmane Sembène na Senegal babu mai ce masa ya ɓata aikin wani, don La Noire de... na 1966 daga labarin da ya rubuta da hannunsa ya fito da shi.