Wai mece ce "killacewa" ɗin nan da aka yi ta faɗa a rediyo lokacin korona?

A shekarar 2020, tun ranar 11 ga Afrilu da aka samu mutum na farko mai korona a Kano, babu kalmar da ta cika mana kunne irin killacewa. Ka kunna rediyo da asuba an killace, da azahar an killace, ka shiga Facebook nan ma ita ce. Ni yawan faɗinta bai dame ni ba, yadda ake faɗinta ne yake ci min rai. Za ka ji mai karanta labarai yana haɗa ta da cafkewa da damƙewa da farauta, wai wane ya tsere ana nemansa ruwa a jallo, kai ka ce ɗan fashi ne ya fasa gidan yari, alhali bawan Allah ne da zazzaɓi da tari suka kama kuma tsoro ya cika masa ciki.

Abu na farko dai, kalma ɗaya muke ɗora wa kaya uku. Akwai wanda ya yi mu'amala da mai cutar, ya gaisa da shi ko sun shiga mota ɗaya, shi wannan lafiyarsa ƙalau, a lokacin ana ce masa ne ya zauna gefe kwana 14 don cutar kan iya ɗaukar har tsawon haka kafin ta nuna kanta, ko da yake galibi kwana biyar zuwa shida ne. Akwai kuma wanda gwaji ya tabbatar yana da ita, shi jinya ake masa a keɓe, a lokacin ba a sallamarsa sai an sake gwaji sau biyu an ga babu. Sai na uku, dokar kulle ta gari gaba ɗaya, irin wadda shugaban ƙasa na lokacin, Buhari, ya sa wa Kano ranar 27 ga Afrilun 2020. Duk ukun a bakin wasu masu shirye-shirye killacewa ne. To da an ce an killace mutum kaza a unguwa kaza shi kenan gari ya ɗauka duk sun kamu, mai ruwa ya daina tsayawa a ƙofar gidan, a hana yara shiga wasa, bayan kwana 14 mutane su fito garau amma sunan ya riga ya bi su. Da ni ake tambaya da na ce a bar wa na farko killacewa, na biyu a ce keɓewa don jinya, na uku kuma kulle yadda kowa ya saba.

Amma abin da ya fi tsaya min shi ne asalin kalmar a bakinmu. Me Bahaushe yake killacewa? Ka dasa mangwaro ko darbejiya a ƙofar gida sai ka kewaye shi da ƙaya ko tubali don kar awaki su cinye, ka killace shi kenan. Ana killace bakin rijiya saboda yara. Ana killace makewayi da zana saboda sutura. Mutum ya sayi fili da guminsa ya killace abinsa. Duba duk waɗannan, babu inda aka killace abu don an tsane shi, abin da kake so kake tattali shi kake killacewa, ko dai kana kare shi ko kana kare wani daga faɗa masa. Ɓarawo ba a killace shi, tsare shi ake yi, a ɗaure shi. Kalmar mai taushi ce wallahi, mu ne muka sa mata kakin ɗan sanda a lokacin korona.

Ita kalmar Turawan ma da ake fassarowa, kwarantin, daga Italiyanci ta fito, ma'anarta arba'in kawai. A zamanin annobar da ta yi wa Turai kaca-kaca, jirgin ruwa in ya iso birnin Benis sai a sa shi ya tsaya nesa da gaɓa kwana arba'in kafin kowa ya sauka. Da na ji haka sai hankalina ya tafi kan namu arba'in ɗin, na jego. Mace ta haihu ba ta fita sai ta yi arba'in, amma wa ya taɓa jin mai jego ta ce an ɗaure ta? Ai akwai tsohuwar da ta tare a gidan saboda ita, ana dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kunu ga gasasshen nama, shara da wanki da girki duk an ɗauke mata, mai gida na ta fama da itace. Na san likitoci sun daɗe suna jan kunne kan yawan kunun kanwa da zafin da ake wuce gona da iri, wannan magana ce daban, kuma na san jego ba cuta ba ne balle ya yaɗu. Abin da nake nufi shi ne mun riga mun san ƙa'idar tun kaka da kakanni, in ka ce wa mutum zauna kar ka fita to cinsa da shansa da kewarsa sun dawo wuyanka. In ka zaunar da shi ka tafi ka bar shi to sunan abin ya canza, ko me ka rubuta a jikin allon ƙofar.

Shi ya sa da na ga bidiyon masu korona da aka keɓe a cibiyar Kwadon a Gombe farkon watan Mayun 2020 sun fito sun tare titi suna kukan rashin kulawa, ban iya shiga sahun masu zaginsu ba. Fitowar haɗari ce, ba na musu, sun cakuɗu da jama'a. Amma mutumin da ake kula da shi da wuya ya bar gado ya fito rana.

Kuma ku lura da wani abu a yadda ake gina jimlar. Da gwamna Bala Mohammed na Bauchi ya kamu a watan Maris, da Malam Nasiru El-Rufai, gwamnan Kaduna na lokacin, da ya fito da kansa ya sanar ranar 28 ga Maris, cewa aka yi sun killace kansu. Talaka kuwa kullum "an killace shi" ne, a zo da motar asibiti da jiniya unguwa ta fito kallo. Cuta ɗaya, amma ɗaya shi ya yi da kansa cikin mutunci ɗayan kuma yi masa aka yi. Wanda ya ga an yi wa maƙwabcinsa haka in ya fara jin zazzaɓi ɓoyewa zai yi ya sayi farasitamol a kemis ya yi shiru, ya shafa wa mahaifiyarsa mai hawan jini.

Baffana, ƙanin mahaifina, ya yi sati biyu da 'yan kwanaki a ɗaya daga cikin cibiyoyin keɓe masu korona na Kano, kuma a azumi abin ya same shi. Kullum in na kira na ce Baffa ya jiki sai ya ce da sauƙi ɗana, jikin ba shi ne matsalar ba. Zazzaɓin ya sauka cikin 'yan kwanaki, tarin ma ya lafa. Abin da ya fi ba shi wuya, ya ce, rashin ganin fuskar mutum. Ma'aikatan suna iya ƙoƙarinsu amma sun rufe ruf cikin fararen kaya, ido kawai kake hangowa ta bayan gilashi, ba ka san mai duba ka yaro ne ko babba ba sai ya yi magana. Ga hanci ya daina jin ƙanshi, baki ya daina jin ɗanɗano, ya ce shayi da ruwan zafi duk ɗaya, turaren da ya saba shafawa ya shinshina bai ji komai ba, a nan ne ma hawaye suka zubo masa. Mu da muka tashi muka ga mara lafiya ɗakinsa cike da 'yan dubiya, wannan ya kawo lemo wannan ya kawo kunu wannan ya tofa addu'a, sai ga cutar da ta ce dubiyar ma ita ce haɗarin. Ga kuma labarin rasuwar dattawan Kano da yake ta shigowa wayarsa a lokacin, kusan kullum sai ya ji sunan wanda ya sani.

Yadda ya jure kuwa ba wani abu ne mai girma ba. Ya raba wa kansa yini, bayan asuba tilawa izu biyu, da hantsi ya zagaya ɗakin yana tafiya don kar ƙirji ya yi nauyi, ya daina buɗe WhatsApp sai sau ɗaya. Likita ya ce ya ajiye azumi ya sha magani, da farko abin ya dame shi har sai da wani malami ya tuna masa a waya cewa rangwamen mara lafiya Allah ne ya bayar. Malamin ne kuma ya karanta masa hadisin nan na Bukhari da Muslim, in annoba ta sauka a gari kuna ciki kar ku fita, in kuna waje kar ku shiga, ya ce masa zamanka a nan ibada ce Alhaji, kare mutane kake. Ya ce daga ranar ya daina jin kansa kamar fursuna. Sai kuma wani matashi da gadonsu ke kallon juna, ɗan acaba ne a da, wanda ba shi da mai kiransa, Baffa ya riƙa sa mu tura masa kati shi ma.

Jiran sakamakon gwaji ya ce ya fi ciwon tsawo, don lokacin ɗakin gwajin Kano ya tsaya na wasu kwanaki samfura suka taru. Ranar da na biyun ya fito babu, aka sallame shi, ya dawo gida ya tarar wasu maƙwabta daga nesa suke ɗaga masa hannu, wani ma ya canza hanya. Bai yi fushi ba, ya ce abin da suka ji a rediyo ne. Daga nan kullum bayan isha sai ya ɗauki waya ya kira yaron nan da ya baro a can, ya ce lokacin ne ɗakin yake yin tsit mutum ya fara tunane-tunane.