Masu Binciken Fiziks na Nazari 'Yan Ƙasar Biyetnam

Fiziks na nazari shi ne reshen fiziks da ake yi da lissafi, allo da alli ko takarda da biro, yanzu kuma har da kwamfuta, ba sai an mallaki manyan injina ba. Wannan ne ma ya sa ƙasa irin Biyetnam da yaƙi ya ɗaiɗaita shekara da shekaru ta iya fitar da mutane a fagen tun tana fama da talauci, don shi wannan ilimin kai yake buƙata da malami nagari.

Ƙofar farko dai ta Tarayyar Sobiyet ce. Akwai cibiyar binciken nukiliya ta haɗin gwiwa a garin Dubna kusa da Mosko, can ne Nguyen Van Hieu, wanda aka haifa a 1938, ya tafi a 1960 yana saurayi, ya duƙufa kan nazarin ƙananan ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta. Da ya dawo gida shi ya shugabanci Cibiyar Fiziks ta Hanoi da aka kafa a 1969, ana tsakiyar yaƙi fa. A 1986 ya samu lambar Lenin tare da abokan aikinsa na Sobiyet, ya rasu a 2022.

Amma sunan da ya fi fita a duniya yau shi ne Dam Thanh Son. An haife shi a Hanoi a 1969, yana ɗan shekara 15 ya je gasar lissafi ta ɗaliban duniya ta 1984 ya ciyo zinare da maki 42 cikin 42, ko ɗaya bai zubar ba. Daga nan sai Jami'ar Mosko, ya gama a 1991, ya yi digirin digirgir a 1995 a hannun Valery Rubakov, sannan ya tsallaka Amurka, ya koyar a Jami'ar Columbia da ta Washington, tun 2012 kuma yana Jami'ar Shikago.

Aikin da ya ɗaga shi kan kaurin ruwa ne. Ka tsiyaya zuma daga cokali ka ga yadda take saukowa a hankali tana jan zare, ka tsiyaya ruwa ka ga ya zube nan take, to wannan bambancin ne masana ke aunawa, kuma tambayar ita ce shin akwai iyakar da abu mai gudana ba zai iya wuce ta wajen tsinkewa ba? Son da abokansa biyu, Pavel Kovtun da Andrei Starinets, suka bi wata hanya da ba wanda zai yi tsammani, suka ɗauki dabarar da Juan Maldacena ya kawo a 1997 wadda ke cewa wasu matsaloli masu wuya na ƙwayoyin da suka cakuɗe da juna sosai ana iya juya su su koma lissafin baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jan nauyi ya yi yawa har haske ma ba ya iya fita, a wata sararin samaniya mai ƙarin fuska ɗaya bayan tsawo da faɗi da zurfi, a can lissafin ya fi sauƙi, in an gama sai a juyo da amsar. A takardarsu ta 2005 suka nuna cewa idan aka raba kaurin da yawan entirofi, wato ma'aunin hargitsin da ke cikin abu, amsar na fitowa ɗaya bisa 4π, kusan 0.08 kenan, suka kuma yi hasashen cewa ba abin da zai sauka ƙasa da haka. Ruwan da muke sha ya ninka wannan adadin sau ɗaruruwa.

Abin da ya ƙara wa maganar nauyi, a shekarar 2005 ɗin nan dai masu gwaji a Brookhaven ta jihar New York, waɗanda ke gwara cibiyoyin zarrar zinare da juna cikin gudu kusa da na haske, suka sanar cewa abin da ke fitowa, wato narkakkun kwak da guluwon, ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin cibiyar zarra, irin wanda ya cika sararin samaniya jim kaɗan bayan fashewar farko da masana ke cewa daga ita samaniyar ta faro, ba kamar iska yake ba yadda aka zata, ruwa ne tsararo, kuma kaurinsa ya zo dab da adadin su Son. Daga baya wasu sun gano akwai nazariyoyin da ke ɗan sauka ƙasa da iyakar, don haka ba doka ba ce da ba ta karyuwa, amma har gobe da ita ake gwada komai a fagen. A ganina kyawun aikin ke nan, lissafin baƙin rami ya yi magana kan abin da aka auna da na'ura.

A 2015 ya sake kawo wani sabon tunani kan yadda ilaktiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ke yi idan aka matse su a shimfiɗa siririya cikin tsananin sanyi da maganaɗisu mai ƙarfi. A 2018 cibiyar da masanin fiziks ɗan Pakistan Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya ta ba shi lambar Dirac, shi da Subir Sachdev da Xiao-Gang Wen.

Ɓangaren kwamfuta kuwa akwai masu yin sa a birnin Ho Chi Minh, inda ake kwaikwayon motsin dubban zarra a cikin na'ura don a ga yadda gilashi ke daskarewa ko yadda furotin ke naɗewa. Mai Suan Li, da ke aiki a Warsaw ta Folan, ya yi suna kan yadda furotin ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzheimer.

Sai Tran Thanh Van, haifaffen 1936, wanda ya tafi Faransa tun yana matashi. Shi nasa aikin haɗa mutane ne, ya fara tarukan Moriond a 1966 a tsaunukan Alps inda manya da ƙananan masu bincike ke zama wuri ɗaya, a 1993 ya kawo irinsu gida, sannan a 2013 ya buɗe cibiyar taro ta ICISE a bakin teku a garin Quy Nhon, yanzu masu lambar Nobel kan zo nan su yi lacca, ɗaliban Biyetnam na zaune a gabansu suna tambaya.