Littafi Mai Tsarki a Cikin Shirin Darasi: Tambayoyin da Malamai Suke Ta Maimaitawa

Malaman makaranta Kirista sun sha yi mini waɗannan tambayoyi, har na ga gara in amsa su wuri guda.

Idan na rubuta aya a saman shirin darasi, ya wadatar?

Bai wadatar ba. Ayar da ba ta taɓa manufar darasin ba ado ce kawai, kuma yara suna saurin gane hakan.

To, a ina ya kamata koyarwar Littafi Mai Tsarki ta shiga?

A manufar darasi da tambayoyin da za ka yi wa aji. Kafin ka ɗora alƙalami, tambayi kanka abin da Allah ya nufa da batun tun halitta, yadda zunubi ya ɓata shi, da abin da fansar Almasihu take nema daga ɗalibi game da shi. Mai koyar da zaizayar ƙasa yana da Farawa 2:15, inda aka sa mutum a gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta, sai ya tambayi aji wane ne zai ba da lissafin ƙasar da aka lalata.

Addu'ar buɗe aji ba za ta cike giɓin shirin da ban yi ba?

Ba za ta cike ba, kuma ina jin zafin wannan tambaya. Yaƙub 3:1 ya ce za a yi wa masu koyarwa shari'a mafi tsanani, saboda haka ku daina fakewa da addu'a kuna shiga aji hannu rabbana.

Lissafi fa?

Sa yara su tara gurasa biyar da kifi biyu bai mai da darasi na Kirista ba. Idan kana koyar da awo, Karin Magana 11:1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin algus, kuma ɗalibin da ya ƙirƙiri amsa ko ya kwafi ta maƙwabcinsa ya kamata ya ji wannan.

Manhaja ta ce in koyar da juyin halitta, wato ra'ayin cewa masu rai sun samo asali daga waɗansu halittu na dā ta hanyar sauyawa a hankali, alhali ban yarda da shi ba. Yaya zan yi?

Amsar ta dogara da irin makarantar da kake aiki da kuma shekarun ɗalibanka. Tsallake babin, a ganina, cin amana ne, domin yaran za su gamu da shi a jarrabawa. Ka bayyana ra'ayin da masanin kimiyya Charles Darwin ya wallafa a 1859 daidai yadda masana kimiyya suke bayyana shi, ba tare da ka rage masa ƙarfi don ka ji daɗin rushe shi ba, gama wannan ma shaidar zur ce. Daniyel ya yi shekara 3 yana koyon harshe da littattafan Babila, bai kuwa rasa bangaskiyarsa ba.

A makarantar ikilisiya kana da sarari ka buɗe Farawa 1 da 2 tare da aji, amma ka fara sanin matsayin makarantar, domin Kiristoci masu aminci sun sha bamban kan tsawon kwanaki shida na halitta, kuma bai dace ka miƙa fassararka kamar ita kaɗai ce ba. A makarantar gwamnati, inda ake da 'ya'yan masu bin wasu addinai, doka da amanar iyaye sun iyakance ka, kuma dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka tuntuɓi shugaban makaranta tukuna. Ko a can, kana iya nuna cewa kimiyya tana binciken yadda abubuwa suke aukuwa, ba ta yanke hukunci kan dalilin kasancewarmu ba. Kana kuma iya ambata cewa Gregor Mendel, wanda ya aza harsashin ilimin gadon halitta a 1866, firist ne.

Dole ne kowane darasi ya ambaci Allah?

Ba dole ba ne. Ka duba shirin zango gaba ɗaya, ka zaɓi wuraren da batun ya taso da kansa.

Ban yi makarantar tauhidi ba. Zan iya kuwa?

Kwantar da hankalinka, za ka iya. Ka karanta Farawa 1 zuwa 3 da Kolosiyawa 1:15-20 a natse, sannan ka ɗauki darasi ɗaya na mako mai zuwa ka sake rubuta manufarsa.