Ma'anar "hanyar isarwa" a rigakafi, da yadda take sauya abin da garkuwar jiki ke gani

Idan masana rigakafi suka ce "hanyar isarwa", suna nufin sigar da ake shigar da furotin ɗin bairos cikin jiki: ko dai a zuba furotin ɗin kansa, ko mataccen bairos, ko kuma a aika saƙon halitta domin ƙwayoyin jikin mutum su ƙera furotin ɗin. Wannan zaɓi ne ke tantance waɗanne ƙwayoyin garkuwa za su gan shi, kuma ta wace fuska.

Furotin da aka ƙera a cikin ƙwayar halitta, ana daddatsa shi gunduwa-gunduwa masu amino asid 8 zuwa 10, a ɗora a kan MHC-I, wani furotin da ke baje su a jikin ƙwayar ta waje. Ƙwayoyin T masu alamar CD8, waɗanda ke kashe ƙwayar da ta kamu, nan suke duba. Wanda ya zo daga waje kuwa, ƙwayoyin dendiritik, masu sintirin garkuwar jiki, ne ke haɗiye shi, su kai shi kaluluwa, su nuna shi a kan MHC-II ga ƙwayoyin CD4 masu taimako. Shi ya sa a alluran korona, allurar mRNA (saƙon halitta) ta Pfizer-BioNTech da ta Moderna, da masu amfani da adenobairos (wani bairos da aka raunana don ya ɗauki saƙon) irin ta AstraZeneca, suka fi tayar da CD8 a kan mataccen bairos irin na Sinovac. Ƙwayoyin dendiritik kan iya ƙetarar da furotin na waje zuwa MHC-I, sai dai ba da yawa ba.

Ƙwayoyin B, masu samar da antibodi, ba gunduwa suke karantawa ba, siffar furotin a naɗe suke ganewa, kamar makulli da kwaɗo. Nan ne aka fi samun matsala. A shekarun 1960 an gwada a Amurka rigakafin RSV, wani bairos mai kama hanyoyin numfashi, da aka kashe da sinadarin fomalin. Sarrafawar ta karkatar da furotin F na jikin bairos ɗin daga siffarsa ta kafin ya manne da ƙwaya, antibodin da jiki ya yi bai iya tare bairos ba, yaran da suka kamu daga baya suka fi jigata, biyu suka rasu. Wannan darasi ne ya sa a alluran korona da dama aka saka amino asid ɗin furolin guda biyu a gurbi na 986 da 987 na furotin ɗin ƙaya, don su kafe shi a siffar da ta dace.

Abin da aka naɗe saƙon a ciki ma yana da nasa tasiri. Ɗigon maiƙon da ke ɗauke da mRNA, mai faɗin kusan nanomita 100, yana tayar da garkuwa da kansa, kuma zafi kan lalata kayan, shi ya sa aka fara adana na Pfizer a digiri 70 ƙasa da sifili. Adenobairos kuma jiki kan koyi yaƙarsa, sai allura ta biyu ta rage ƙarfi. Don haka allurar korona ta Rasha, Sputnik V, ta yi amfani da adenobairos iri biyu: Ad26 da farko, Ad5 a karo na biyu.

Sai mashiga. Allurar tsoka tana cika jini da antibodi nau'in IgG, amma kaɗan take samar da nau'in IgA a hanci da hanji, inda bairos ke fara sauka. Ɗigon foliyo na baki yana gina kariya a hanji, ya rage yaɗuwa, yayin da allurar foliyo ta fi kare wanda aka yi wa daga shan-inna.