Dafa naman kaza na daji a gida

Naman kaza na daji, wanda da yawanmu muka fi sani da laimar kwaɗi, shi ne wanda ke fitowa da kansa da damina a gindin itatuwa ko kan rubabben kututture ko jikin suri, ba wanda ake nomawa a saida a kanti ba. Ba tsiro ba ne irin su yakuwa ko alayyaho, ɗan gidan su fumfuna ne, ba ya da ganye ba ya fure, abin da muke gani ya ɓullo kamar laima ɗin nan 'ya'yansa ne kawai, asalin jikin yana can cikin ƙasa kamar zare. A ƙasar Hausa dai ba a cika damuwa da cinsa ba, yara ma ana hana su taɓawa, amma Yarbawa da Inyamurai da mutanen tsakiyar Najeriya suna zuba shi a miya sosai musamman lokacin da nama ya yi tsada.

Wanda aka fi so a Afirka shi ne na suri, masana na ce masa Termitomyces, kuma abin mamaki gara ce ke noma shi a cikin gidanta don abincinta, in ruwa ya sauka sai ya faso waje. Akwai wani irinsa a Zambiya mai suna Termitomyces titanicus da aka yi wa rajista a kimiyyance a 1980, faɗin laimarsa na iya kai mita 1, guda ɗaya ya ishi gida. A Faransa kuwa al'ada ce mutum ya ɗauki kwandonsa ya kai wa mai kemis ya duba masa kafin ya ɗora tukunya.

To nan ne maganar take, domin girkin naman kaza tun a daji yake farawa, wajen tantancewa. Akwai wanda ake kira Amanita phalloides, shi ya fi kowanne kashe mutane a duniya, rabin laimarsa ya isa ya kashe babba, kuma dafinsa ba ya jin wuta, ka tafasa ka soya ka shanya ka sa a firiza duk yana nan daram. Mugun halinsa shi ne ba ya nunawa da wuri, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, daga nan mutum ya ji sauƙi har ya ɗauka ya warke alhali hanta ce ke lalacewa a ciki. Shi ne aka sa a abincin da ya kashe mutum 3 a garin Leongatha na Ostareliya a 2023, wanda kotu ta kama wata mata mai suna Erin Patterson da laifin kisa a kansa a 2025. Akwai kuma Chlorophyllum molybdites mai fitowa a kan ciyawar fili a ƙasashe masu zafi, fari tas gwanin kyau, ba kasafai yake kisa ba amma zai wahalar da ciki ba kaɗan ba, ana gane shi in aka kife laimar a kan farar takarda ta kwana, garin da zai zubo kore-kore ne.

Zancen wai a sa cokalin azurfa ko albasa a tukunya in ya yi baƙi to da dafi, ko wai wanda tsutsa da dodon koɗi suka ci ba ya cutarwa, duk ƙarya ce, kuma ta ja wa mutane da yawa. Hoton waya ma ba hujja ba ne. Masu tsinta na gaskiya iri 2 ko 3 suke riƙewa waɗanda suka gada suka sani kamar yunwar cikinsu, sauran ko kallo ba sa yi, kuma suna tono shi har gindi ne ba yankewa ba, saboda yawancin 'yan gidan Amanita suna da wata 'yar jaka a gindi da ƙasa ke rufewa, da ita ake gane su.

In an tabbatar na ci ne, aikin ba wuya. A gyara shi ranar da aka tsinto don ba ya jure ajiya, balle a leda, nan da nan zai yi yauƙi. A kankare ƙasar gindin da wuƙa, a tsaga a duba tsutsa, a ɗauraye da sauri ba tare da an jiƙa shi ba, na suri kam sai an wanke da kyau in ba haka ba yashi za a riƙa tauna. Kusan kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, shi ya sa wanda ya antaya shi cikin mai kai tsaye zai ga ya koma dahuwa maimakon suya. Dabarar ita ce a zuba shi a busasshen kasko da ɗan gishiri, ya fitar da ruwansa ya tsotse, sannan a sa mai ko man shanu da albasa da attarugu a soya har gefensa ya yi ja. A miyar agushi ko ta kuɓewa ana sa shi tun farko tare da daddawa ya nuna sosai, ƙafar na suri tana da ɗan tauri irin na tsokar kaza, ita ce ma mai daɗin.

Ɗanye kam ba a cin na daji. Wasu daga cikin waɗanda ake ci ma suna da dafin da wuta ce kaɗai ke kashe shi, irin Morchella mai ramuka kamar saƙar zuma da Turawa ke ji da shi, a 2023 mutum 2 sun mutu a jihar Montana ta Amurka bayan sun ci shi bai dahu ba. A Yunnan ta ƙasar Sin akwai wanda ke komawa shuɗi in an yanka shi, in aka ci bai dahu sosai ba mutum ya riƙa ganin abubuwan da babu su.

Wanda zai ci wani iri karon farko ya ɗanɗana kaɗan, kar ya haɗa iri biyu a tukunya ɗaya, ya kuma ajiye guda ɗanye a firij saboda in ciki ya rikice a tafi asibiti da shi likita ya ga me aka ci. Ragowar kuma a yanka sirara a shanya a rana a kan faifai ko tabarma har ya bushe ƙarau, a zuba a kwalba mai murfi, in an tashi miya da rani a jiƙa shi a ruwan ɗumi ko a daka a barbaɗa.