Haurar da mutum iyaka: tsakanin dokar tarayya da ta jihar Kaduna

Direban da ya ɗebo mutane daga tashar Kawo ko Mando a Kaduna, ya bi da su Katsina zuwa Jibiya ta ɓarauniyar hanya don a miƙa su Agadez ta ƙasar Nijar, yakan ce, "Ai su suka ce in kai su, kuɗinsu suka biya." Wannan magana ba ta wanke kowa a kotu.

Laifin fasa-ƙwaurin mutane abu uku ne ke tabbatar da shi: an shigar da mutum ƙasar da ba tasa ba ta haramtacciyar hanya, mai shigar da shi yana sane, kuma don ya samu wani abu ya yi. Yardar matafiyi tana cikin siffar laifin tun asali. Fataucin mutane shi ne inda yaudara ko tilas ko bautarwa suka shigo, kuma ba sai an ƙetare iyaka ba.

Shige da fice hurumin gwamnatin tarayya ne a tsarin mulkin 1999, don haka majalisar Kaduna ba ta da ikon yin doka a kan tsallaka iyaka. Dokoki biyu na 2015 ne ke aiki: ta hukumar shige da fice, da ta hana fataucin mutane wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, ke zartarwa. A ta biyun, mafi ƙarancin hukuncin fataucin mutum shekara 2 ne da tarar naira 250,000, kuma ana iya ƙwace motar da aka yi aikin da ita.

To ina jiha? Abin da ya faru a cikin gida, ita ma tana da hurumi a kansa. Dillalin da ya karɓi kuɗin Takari ko na aiki a Libiya ya yi layar zana, Kundin Laifuffuka na Kaduna na 2017 zai kama shi da zamba. Haka kundin zai hukunta wanda ya sace mutum ko ya kulle shi a ɗaki kafin tafiya. Yara kuma akwai dokar kare su ta 2018. Jihar Edo ta ƙara gaba, ta yi dokarta ta fataucin mutane a 2018.

Inda iyaye suka fi faɗawa shi ne aikatau. Yarinyar da ba ta kai 18 ba, in don a ci da guminta aka ɗauko ta daga ƙauye, yardarta ba hujja ba ce. A dokar tarayya ta hana fataucin mutane, in ba ta kai 12 ba, sa ta aikin gida kaɗai na jawo ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7.

Ƙararraki kan mutu a wajen shaida, saboda hannu da hannu ake ba da kuɗi. Wanda aka cuta ya adana shaidar tura kuɗi, saƙonnin WhatsApp da lambar mota, ya kai wa NAPTIP ko 'yan sanda kafin dillali ya canza layi.