Zayyanar allo a wurin Hausawan Sudan

Zayyanar allo ita ce adon da ake zanawa da tawada mai launi a jikin allon karatu, domin karrama almajirin da ya sauke Alƙur'ani ko ya kammala wani yanki nasa. A Sudan ana kiran irin wannan ado sharafa. Hausawan ƙasar sun san sunayen biyu.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa alhazan ƙasar Hausa suke ratsa Borno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar takan ci shekaru, wasu kuma sukan yada zango su yi noma don neman guzuri, har zangon ya zama gida. Hijira mafi girma ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya rasu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin Nilu Shuɗi kusa da Sinnar wajen shekarar 1906, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Daga baya unguwannin Hausawa suka yawaita a Gadarif da Kasala da gonakin audugar Jazira.

Waɗannan mutane sun zo da allo da kurtun tawada da rubutun Warshu mai kauri, suka tarar da makarantun allo na Sudan, wato khalwa, da nasu salon adon. Babban bambancin yana wajen lokaci: Bahaushe ya fi ajiye zayyana sai ranar sauka, a khalwa kuwa akan yi wa yaro sharafa a matakai da dama, ya ɗauki allon ya kai gida a yi masa kyauta. Akwai saɓani kan asalin siffofin, wasu na danganta su da adon littattafan ƙasashen Magrib na Arewacin Afirka, wasu da na Borno.

Kayan aiki

Ana son itace mai santsi wanda ba ya tsagewa, irin su aduwa da gawo. Akan shafe fuskar allon da farar ƙasa a bar ta ta bushe. Wasu masu zayyana sun fi son yin zanen a takarda, sannan su manna ta.

Baƙar tawada daga baƙin tukunya ko garin gawayi take, a haɗa da ƙaro. A nan Sudan ta yi sa'a, domin tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, kuma na dakwara da ake tsinka a Kurdufan shi ne mafi daraja. Ana jiƙa shi ya kwana, a tace da ƙyalle, a riƙa zuba shi cikin garin kaɗan-kaɗan ana dama. Gwajin ba wuya: a ja layi, a jira ya bushe, a goga da yatsa. In ya bi yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi sheƙi yana ɓarewa, ya yi yawa, sai a ƙara ruwa. Ja kan fito daga jar ƙasa ko karan dafi, ɗorawa daga saiwar rawaya, shuɗi daga shuni. Yau kalar kanti ta maye gurbin yawancinsu, duk da ba ta zama a kan farar ƙasa yadda ta gargajiya take zama.

Yadda ake zanawa

Da firam ake farawa, a raba fili gida-gida, a ware gurbin ayoyi tun kafin a taɓa launi. A allon sauka galibi Fatiha ce da farkon Baƙara. Launi mai haske ke fara shiga, kuma ba a kusantar da wani sai ya bushe sarai, in ba haka ba su cakuɗe. Baƙin layi shi ne na ƙarshe, shi ke rufe gefen da hannu ya goce. Alƙalamin kara biyu ake fiƙewa, mai faɗin baki na cike gida, siriri na layi. Ba a zana mai rai.

Tasiri a zanen zamani

Wajen 1960 wasu masu zane suka kafa salon da aka sani da Makarantar Khartum, cikinsu har da Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaƙ da Ibrahim El-Salahi. An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne. Bayan ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan ya dawo gida, sai ya ga jama'a ba su damu da zanen da ya koyo ba. Wannan ya sa ya koma ga harafin Larabci da adon allo da launukan ƙasa. Shibrain ma ya shigar da siffar allon kanta cikin ayyukansa. A 2013 gidan nune-nunen zane na Tate Modern da ke Landan ya baje kolin ayyukan El-Salahi na tsawon rayuwarsa.